Daga Akwatin Rediyo Zuwa Zauren Grand Ole Opry

Duk wanda ya tashi a biranen Arewa a shekarun 1980 zuwa 1990 ya san cewa kiɗan kantiri na Amurka ba baƙo ba ne a kunnuwanmu, ko da kuwa bai taɓa sanin sunan da ake kiransa da shi ba. Ana jin sa a rumfunan masu sayar da kaset, da cikin motocin haya masu tafiya mai nisa, da wasu gidajen rediyo da safiyar Lahadi, har muryoyin Jim Reeves da Don Williams suka zauna daram a gidajen da ba kowa ne ke jin Turanci a cikinsu ba. Ni a hannun kawuna na gaji wannan so. Ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Kaduna, yana da akwatin rediyo guda da ba ya yarda yaro ya taɓa, kuma da shi yake kamo sashen Turanci na Muryar Amurka a gajeren zango duk lokacin da za a sa shirin kantiri. Abin da ya ja hankalina tun a wancan lokaci shi ne natsuwar waƙoƙin. Mawaƙin ba ya ihu, kiɗan ba ya danne muryarsa, kuma kowace waƙa labari ce mai farko da ƙarshe, ko na manomi, ko na direban babbar mota, ko na mahaifiya, ko na wanda ya bar garinsu yana begen komawa.

Da neman abinci ya kai ni birnin Indianapolis na jihar Indiana, na tarar da tashoshin kantiri birjik a zangon FM, amma ban sami abin da na saba da shi a cikinsu ba. Yawancinsu 'yan waƙoƙi kaɗan na sababbin mawaƙa suke juyawa daga safe har dare, da ganguna masu ƙarfi da jita mai lantarki, kuma da wuya a ji tsohuwar murya ko kukan goge. Ba na musun gwanintar matasan, akwai ma waɗanda nake so ƙwarai a cikinsu, sai dai gidan rediyon da ya yi watsi da tsofaffinsa ya tauye wa mai sauraro rabin daɗin. Wata dattijuwa abokiyar aikina, haifaffiyar jihar Kentucky, ita ce ta ji kokena ta ce in bari rana ta faɗi, in koma matsakaicin zango, in nemi lamba 650. A nan gidan rediyon WSM na birnin Nashville yake, kuma wannan shawara ce mafarin hanyar da ta kai ni har cikin zauren da ake watsa shirin Grand Ole Opry.

Abu na farko da ya zame mini dole shi ne koyon kamo tashar, domin tsakanin Indianapolis da Nashville akwai tafiyar kusan mil 290 a mota. Da rana da ƙyar ake jin wani abu ban da ƙara, amma da zarar duhu ya shiga sai murya ta fito sarai. Dalili kuwa shi ne, hasken rana yana samar da wani shimfiɗaɗɗen sashe a can cikin sararin sama wanda ke shanye igiyoyin matsakaicin zango, da dare kuma wannan sashe yakan gushe, sai igiyoyin su haura su bugi wani sashe da ke samansa su dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan mil. Mutanenmu da ke kamo Rediyon Kaduna da dare daga ƙasashen maƙwabta sun daɗe da sanin wannan a aikace. Tun shekarar 1932 WSM take watsa shirye-shirye da ƙarfin wat 50,000, kuma tana cikin 'yan tashoshin da dokar Amurka ta kare musu zangonsu da dare, shi ya sa ake jin ta a jihohi masu yawa har zuwa kudancin Kanada.

Kamowar tana da 'yan dabaru da sai da sabo ake gane su. A cikin gida, abin cajin waya da kwamfuta da fitilun zamani duk suna cika matsakaicin zango da ƙara, don haka nakan kashe su in matsa kusa da taga. Eriyar da ke kamo wannan zango wani ɗan sanda ne da ke kwance a cikin akwatin, ba doguwar da ake zarowa ba, saboda haka akwatin gaba ɗaya ake juyawa a hankali har faɗinsa ya fuskanci kudu, sai a ji muryar ta ƙara ƙarfi. Rediyon mota ya fi kowanne kamowa idan an fita daga tsakiyar gari. Lokacin sanyi kuma ya fi lokacin zafi, saboda dare ya fi tsawo kuma babu tsawa da walƙiya da ke sa sautin tartsatsi. Tashar tana kan intanet, sautinta a can tas yake, kuma nakan koma gare shi idan yanayi ya ƙi, amma ni dai na fi son na iska, wanda muryar takan yi nisa ta dawo, domin yana tuna mini cewa daga wani wuri na haƙiƙa take tasowa a daidai wannan lokacin.

Shirin Grand Ole Opry na daren Asabar ne ya kama ni. Da ƙarfe bakwai na yamma agogon Nashville, wato takwas a inda nake, sai a ji tafi ya ɓarke, mai gabatarwa ya yi maraba da jama'a, daga nan mawaƙa su yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya har tsawon kimanin awa biyu. A hankali, daga hirarrakin da ake yi a tashar, na haɗa tarihin abin. Wani kamfanin inshora mai suna National Life and Accident ne ya buɗe WSM ranar 5 ga Oktoba, 1925, don tallata hajarsa. Ranar 28 ga Nuwamba ta wannan shekarar, shugaban shirye-shiryen tashar, George D. Hay, ya zaunar da wani tsohon magogi mai suna Uncle Jimmy Thompson a gaban makirfo ya yi ta kiɗa, kuma daga wannan dare ake ƙirga haihuwar shirin, ko da yake sai a 1927 ya sami sunan da aka san shi da shi yau. Jama'a suka riƙa cika ofishin kamfanin don su ga makaɗan da idonsu, har ya zama dole a yi ta ƙaura daga wannan zaure zuwa wanda ya fi shi girma, kuma a 1939 aka fara karɓar kwabo 25 na Amurka a bakin ƙofa don a rage cunkoso, amma hakan bai rage komai ba. A watan Afrilu na 1968, lokacin da aka sa dokar hana fita a Nashville bayan kisan Martin Luther King, an sa shirin da aka naɗa maimakon na kai-tsaye. A 2020 kuwa, da annobar korona ta rufe ko'ina, mawaƙan sun ci gaba da hawa dandamali kowace Asabar suna yi wa kujerun da babu kowa waƙa, don kada shirin ya yanke. Ranar 30 ga Oktoba, 2021, aka yi daren Asabar na 5,000.

Wannan tarihi ne ya fahimtar da ni abin da ya bambanta Opry da sauran wasannin da ake biyan kuɗi a shiga. Shirin rediyo ne tun asali, kuma har yau haka yake, wanda ya sayi tikiti an ba shi izinin zama ne a ɗakin da ake watsa shi. Da na gane haka sai na ji ba zan natsu ba sai na ga yadda ake haɗa abin da nake ji.

Zaɓen rana ya ɗauke ni tunani fiye da yadda na zata. Ana yin shirin a wasu ranakun mako ma, musamman Talata da Juma'a, amma na Asabar shi ne uwa, shi na saba ji, don haka shi na nufa. Sai batun salla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Nashville sai wajen ƙarfe takwas, wato magariba takan riski mutum a tsakiyar wasa, a ƙarshen Oktoba kuwa wajen ƙarfe shida take faɗuwa, mutum ya yi sallarsa a tsanake sannan ya shiga. Matafiyi yana da rangwame, amma na fi son in shiga zauren babu wani nauyi a kaina, saboda haka na tsayar da Oktoba. A watan ne kuma suke bikin zagayowar shekarar shirin, tikiti yakan yi saurin ƙarewa, don haka tun da sauran makonni na saya.

A wajen sayen ne na ci karo da al'adar da ke ba baƙo mamaki. Ba a fitar da cikakken jerin waɗanda za su yi wasa sai ranar ta matso, abin da za a gani da wuri sunaye biyu ne ko uku, sauran kuma a yi ta ƙara su. Mutum yana biyan kuɗinsa ne bisa amincewa da shirin kansa. Da farko na yi jinkiri ina jiran sunan wanda nake so ya bayyana, sai dattijuwar nan ta ce mini wanda ke jiran suna bai shirya zuwa Opry ba tukuna, kuma daga baya na ga gaskiyarta. Na saya daga shafin Opry kai-tsaye, na kauce wa masu saye su sayar da kan fito a sahun farko idan an yi bincike a intanet, domin nasu ya fi tsada. Shafin yana nuna taswirar zauren, mai ɗaukar mutum kimanin 4,400, kuma na bar kujerun ƙasa da ke kusa da dandamali na zaɓi layin gaba na bene. Daga ƙasa fuskar mawaƙi ake gani, daga bene kuwa ana ganin dandamalin baki ɗaya, har da masu aikin da ke kai da komowa a gefe, kuma su ne na fi ƙwaɗayin gani. Na haɗa da tikiti na biyu na zagayen bayan dandamali da ake yi idan an tashi, na adana duka biyun a cikin waya.

Tafiyar ba ta da wuya. Babbar hanya mai lamba 65 ake bi a miƙe kudu, a ƙetare Kogin Ohio a Louisville, inda na'ura ke ɗaukar hoton lambar mota don kuɗin gada, a ratsa Kentucky ta Bowling Green a shiga Tennessee, kimanin awa huɗu da rabi. A tsakiyar Kentucky agogo yakan koma baya da awa ɗaya, wanda kuma bai lura da haka ba zai iya rikita lissafinsa. Na isa da rana, na wuce unguwar Nolensville Pike da ke kudancin birnin, inda Kurdawa suke da yawa, domin Nashville ce ke da al'ummar Kurdawa mafi girma a Amurka, na ci abincin halal na yi salla a can. Daga nan na kira kawu. Ƙarfe bakwai na yamma a Nashville a wannan watan ƙarfe ɗaya ne na daren Lahadi a Kaduna, kuma tun kafin ranar na riga na tura wa ɗansa adireshin tashar ya sa masa a waya. Na ce, "Kawu, idan ka ji tafi yau, har da nawa a ciki." Ya ce, "To ɗana, Allah Ya kai mu, ka tafa da kyau, ka tafa har da nawa rabon."

Zauren yana gabashin birnin, kusa da Kogin Cumberland, jingine da wata babbar kasuwar zamani mai suna Opry Mills, kuma a filinta na ajiye mota na yi magariba. A harabar akwai manyan jitoci biyu da aka kafa, kowa yana ɗaukar hoto a jikinsu. Aka duba mu da na'ura a ƙofa, aka haska tikitin da ke cikin waya, wani dattijo mai nuna wa mutane wuri ya raka ni har kujerata. Kujerun dogayen benci ne irin na coci da aka yi wa laushi, an yi su haka ne don tunawa da tsohon gidan shirin. An buɗe wannan zaure ranar 16 ga Maris, 1974, kuma shugaban Amurka na lokacin, Richard Nixon, ya halarta har ya kaɗa fiyano a kan dandamali. Ana sayar da giya a farfajiya kamar yadda ake yi a kusan kowane wurin taro a ƙasar, amma yanayin zauren na iyali ne, akwai kakanni da jikoki a benci ɗaya, kuma ban ga wanda ya fita daga hayyacinsa ba.

Bakwai daidai, ba ƙari ba ragi, alamar da ke nuna an hau iska ta kama da jan haske, babban jan labule ya ɗaga. Bayan dandamalin an yi masa siffar rumbun gona irin na ƙauyukan Amurka, a jikin kowane sandan makirfo kuma an rubuta sunan tashar. Masu rawar gargajiya suka fara, maza da mata bibbiyu suna dukan katako da takalma bisa kiɗan goge, kuma a nan na gano asalin wani ƙwas-ƙwas da na daɗe ina ji a rediyo ina ɗauka ganga ce. A gefe guda mai gabatarwa yake tsaye a bayan ɗan teburinsa da takardu a hannu. Aikinsa ya yi kama da na sanƙira a gaban makaɗan fada, shi ke kiran sunan mai shigowa, ya faɗi garinsu da abin da ya shahara da shi, ya zuga jama'a su tafa, amma kuma shi ne mai riƙe da agogo. Kowane mawaƙi waƙa biyu ko uku yake yi ya sauka, komai girman sunansa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lokacin talla. Mai gabatarwa yakan karanta tallar da bakinsa a gaban kowa, kamar yadda aka saba tun zamanin da kamfanin garin fulawa na Martha White ya fara ɗaukar nauyin wani sashe na shirin a shekarun 1940. A rediyo nakan ɗauki wannan lokaci na hutu ne, ashe a nan aikin yake. Yana fara karantawa sai ma'aikata su ruga dandamali cikin duhu-duhu, wannan ya janye makirfo, wancan ya turo fiyano, wani ya zare wayar jita ya soka wata, kuma kafin ya kai layin ƙarshe na takardarsa sabon ayari ya riga ya tsaya a wurinsa. Ba a sake ɗauka, ba a gyara kuskure, abin da ya fita daga makirfo ya tafi jihohi. Makaɗan gidan kuma, waɗanda ke zaune a baya suna raka duk wanda bai zo da nasa ayarin ba, su ne gwanayen da ba a cika ambata ba. Wani mutum da ke kusa da ni, wanda ya ce ya yi shekaru yana kaɗa jita a cocinsu, ya bayyana mini cewa makaɗan Nashville da lambobi suke rubuta gaɓoɓin waƙa maimakon haruffa, ta yadda idan mawaƙi ya ce a ɗaga masa sauti ko a sauke ba sai an sake rubuta komai ba. Da haka suke iya raka mutum shida ko bakwai a dare ɗaya kamar tare suka tashi.

A daren ne kuma na ga kayan kiɗan da ke fitar da sautin nan mai kama da kuka wanda ya fi komai sa ni son kantiri. Na ɗauka jita ce da ake rataye a wuya. Ashe wani ɗan tebur ne mai ƙafafu huɗu da aka shimfiɗa wa tsirkiyoyi, makaɗin yana zaune, hannunsa na hagu yana zamar da guntun ƙarfe mai santsi a kansu, na dama yana tsinka, ƙafafunsa suna taka wasu matakai a ƙasa, gwiwoyinsa kuma suna tura wasu 'yan sanduna da ke ja ko sassauta tsirkiyoyin. Gaɓoɓinsa duka suna aiki a lokaci guda, fuskarsa kuwa ko motsi ba ta yi. Na fi kallonsa fiye da taurarin da ya raka.

Jerin daren ya tabbatar da maganar dattijuwar. Akwai tsohon ɗan gida, wato cikakken memban shirin, wanda ya haura shekara tamanin, muryarsa ta ɗan dushe amma jama'a suka miƙe masa tsaye. Akwai ayarin bulugiras, wani salon kantiri na gargajiya da ake yi da kayan kiɗa masu tsirkiya, mutum biyar da banjo da goge da mandolin suna kewaye da makirfo. Akwai mai barkwanci, wanda rabin zancensa ya wuce ni saboda karin harshen kudu. Sai wata budurwa da aka ce ranar ce hawanta na farko, wadda ta tsaya ta kasa magana, ta nuna iyayenta da ke zaune a bencin da ake ajiye wa dangi a bayan makaɗa, sannan ta yi waƙar da ta rubuta da kanta. Ban san sunanta ba kafin daren, kuma waƙarta ce na fi tunawa. Babu tashar FM da za ta jera waɗannan nau'o'i huɗu cikin awa ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, baƙaƙen fata kaɗan ne a zauren, kuma na lura da hakan tun daga ƙofa. Babu wanda ya nuna mini wani abu sai fara'a, amma tarihin yana da nauyinsa. Ɗaya daga cikin taurarin farko na shirin baƙar fata ne, DeFord Bailey, mai busa hamonika, wanda yake wasa tun shekarun 1920, aka sallame shi a 1941, ya ƙare yana sana'ar goge takalma a Nashville, kuma sai a 2005, shekaru da dama bayan rasuwarsa, aka sa sunansa a zauren girmama gwanayen kantiri. Charley Pride ya fara hawa dandamalin a 1967, ya zama ɗan gida a 1993. Ina ganin wajibi ne duk mai son wannan kiɗa ya san waɗannan sunaye, domin da hannun baƙi da farare aka gina shi tun daga tushe.

Da aka tashi, mu masu tikiti na biyu aka tara mu ƙungiya-ƙungiya aka shiga da mu ta baya. Mun ga ɗakunan shiri goma sha takwas, kowanne da irin adonsa, da akwatunan wasiƙa na 'yan gida inda masoya ke aiko musu da saƙo, da bangon da aka jera sunayensu. Zama ɗan gida ba a nema, wani tsohon ɗan gida ne ke gayyatar mutum a bainar jama'a, kuma wanda ya karɓa ya ɗauki alkawarin riƙa zuwa yana wasa a kai a kai. An nuna mana inda ruwa ya kai a ambaliyar watan Mayu na 2010, lokacin da Cumberland ya cika ya shanye dandamalin, aka rufe zauren har ƙarshen Satumba ana yin shirin a wasu wurare ba tare da an fasa ko sau ɗaya ba. Daga ƙarshe aka fito da mu kan dandamalin. A tsakiyarsa akwai wani da'irar katako mai faɗin ƙafa shida, launinsa ya fi na kewayensa duhu, wanda aka yanko daga dandamalin tsohon gidan a 1974 don kowane sabon mawaƙi ya tsaya inda magabata suka tsaya. Ya tsira daga ambaliyar, aka gyara shi aka mayar. Kowa aka ba shi ɗan lokaci ya tsaya a ciki, ni ma na tsaya, na dubi benen da na zauna, na ga ashe mawaƙi yana iya ganin fuskokin mutane fiye da yadda na yi zato.

Washegari na shiga tsakiyar gari na ga tsohon gidan, Ryman Auditorium. Wani mai jiragen ruwa, Thomas Ryman, ya gina shi a matsayin wurin wa'azi, aka buɗe a 1892, kuma Opry ya zauna a cikinsa daga 1943 zuwa 1974. Bencinsa na katako ne zalla, an jera su a zagaye, kuma ko maganar mai yi mana jagora tana kaiwa layin ƙarshe ba tare da makirfo ba. Titin Broadway da ke kusa da shi mashaya ce jere da mashaya, kiɗa na tashi daga kowace ƙofa, na ratsa na wuce. Kafin in kama hanyar gida na gangara kudu zuwa Brentwood don in ga turken WSM, wanda ake hangowa daga babbar hanyar. Siffarsa dabam ce, siriri a ƙasa da sama, mai faɗi a tsakiya, tsawonsa ƙafa 808 bayan an rage shi a 1939, yana tsaye a kan ɗan ƙaramin gindi da igiyoyin ƙarfe riƙe da shi. A wannan yanki na Brentwood ne jirgin saman Jim Reeves ya faɗi ranar 31 ga Yuli, 1964.

Tun daga lokacin na riƙa zuwa wasanni iri-iri. Na je na manyan taurari a babban dandalin da ke Noblesville a arewacin Indianapolis, inda dubban mutane ke zaune a kan ciyawa suna kallon mawaƙin ta manyan allunan talabijin. Akwai armashi idan taron ya ɗauki amshi da murya ɗaya, amma abin da ake ji kusan daidai yake da na faifai, kuma an tsara komai tun kafin a zo. Wanda ya fi kwanta mini bayan Opry shi ne taron bulugiras na Bean Blossom, a kudancin Indiana, tafiyar kimanin awa ɗaya daga gidana, wanda Bill Monroe, uban wannan salo kuma ɗan gidan Opry tun 1939, ya kafa a 1967. A can kowa da kujerarsa yake zuwa, a kafa tantuna cikin itatuwa, kuma idan an gama wasan dandamali sai 'yan kallon su fito da nasu kayan kiɗa su yi da'ira-da'ira har tsakar dare, duk wanda ya iya ya shiga, wanda bai iya ba ya tsaya ya saurara.

A ɗaya daga cikin waɗannan da'irori na zauna kusa da wani tsoho mai banjo, ya miƙo mini ita in duba. Fata ce aka ɗaure a kan zagayayyen gindi, da dogon wuya, da gajeriyar tsirkiya ta biyar da babban yatsa ke bugawa. Shi da kansa ya ce mini daga wajenmu ta fito, kuma haka masana suka tabbatar, bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa ta da ƙwarya da fata a tsibiran Karibiyan, kuma akontin na ƙabilar Jola da ke Senegal da Gambiya yana cikin waɗanda suka fi kama da ita. Na ba shi labarin gurmi da molo da garaya, na kwatanta masa yadda ake rufe ƙoƙo da fata a soka masa sanda, na kuma kunna masa kiɗan gurmi daga wayata. Ya saurara har ƙarshe, ya gwada bin sa da banjonsa, sannan ya ce yana son ya riƙe ɗaya a hannunsa ya ga yadda ake ɗaure tsirkiyar. Na aika gida a nemo mini gurmi mai kyau wajen masu haɗa shi, a ba wani mai zuwa ya taho mini da shi kafin taron watan Yuni mai zuwa.